Maganin Ƙugun da Ya Kama da Wuta

Ƙafar hagu ce guda ɗaya, amma da ita yayana ke taka kulocin trotro, motar haya, daga Nima zuwa Tudu, kuma baki bakwai ke ci a bayanta. Likita ya ce in gyambon bai fara rufewa ba, yanke ta za a yi.

A shagona na kayan mota da ke Abossey Okai ƙarfe ya yanke shi a ƙafar. Ɗan rauni ne, irin wanda nake ɗaure wa tsumma in ci gaba da ciniki. Nasa kuwa ya yi ta ruwa, har yatsa ya yi baƙi.

Da likitan ya tambaye shi ko yana shan giya, Yaya ya tashi zaune.

"Ni? Je ka tambayi sahun farko na masallacinmu!"

Likitan ya ja ni waje. Ya ce akwai ƙwayoyin da ke tsaron jiki a cikin jini, in cuta ta shigo sai su aika wa juna saƙo su taru a wurin. Giyar yau da gobe tana rikita saƙon: wasu ba sa zuwa, wasu su zo su yi ta kumbura nama a banza. Na gane nan take. Na sha ganin mota mai lafiyayyen inji ta ƙi tashi saboda waya ta ruɓe.

Yaya bai yi ƙarya ba. Abin da yake sha kullum, safe da yamma, shekara da shekaru, maganin ciwon ƙugu ne a wurinsa: kwalba cike da saiwoyi da jan ruwa mai ɗaci, da direbobi ke saya a tasha. Har bisimilla yake yi.

Ban yi masa wa'azi ba, ba sana'ata ba ce. Da aka sallame shi na zuba kaɗan daga maganin nasa a murfin gwangwani, na ƙyasta ashana. Wuta shuɗiya ta tashi.

"Yaya, ka taɓa ganin jiƙo ya ci wuta?"

Ya daɗe yana kallo. "Kai, ɗan banza," in ji shi. "Ashe fetur nake sha."

Barin kwalbar bai zo da sauƙi ba. Sai da asibiti suka tallafa masa da magani. Ni kuma na leƙa motarsa, na tarar kujerar direba ta karye, katako ya shimfiɗa a kai. Ga mafarin ciwon ƙugun. Na ciro mafi kyawun kujera a shagona na ɗaura masa.

A hankali gyambon ya bushe, sabon nama ya taso.

Ƙaramin yatsa ya tafi, wannan mun yi asararsa. Ƙafar tana nan, ciwon ƙugu ya lafa. Jiya ya wuce ni a Maamobi da mota cike, ya danna mini ham, ko tsayawa bai yi ba.