Kitson da Inna Ta Ƙi Ƙarasawa

Ni 'yar fari ce, don haka Inna ba ta kiran sunana. "Ke" take ce mini, in kuwa da baƙi sai ta ce "yarinyar nan". Kunyar ɗan fari ke nan. Ba ta yabona, ba ta tare mini faɗa, in na faɗi a gabanta sai ta kau da kai, wani ya ɗaga ni. Ina ƙarama na ɗauka ƙi ne, kuma abin ya daɗe yana cin raina.

Ban daɗe da fara famfara ba aka ba Gwaggo, yayar Babanmu, riƙona. Ita Allah bai ba ta haihuwa ba, tana zaune a unguwar Kongo-Rasha tana sana'ar waina. Mu kuwa gidanmu na bayan kasuwar Katako, inda Baba ke sayar da itacen rufi. Wannan a ƙarshen mulkin soja ne, kafin farar hula su karɓa. A lokacin an ce akwai ofishin walfiya mai kula da haƙƙin yara a cikin gari, amma wace mace za ta kai yayar mijinta ƙara a kan yarinya? Ai sai a ce ta yanke zumunci. Yaro na kowa ne, duka kuma tarbiyya ce, magana ta ƙare.

Gwaggo ba ta dukana da bulala. Cokalin juya waina take ɗagowa daga tanda, da zafinsa, ta ƙwala mini a ka in na yi gyangyaɗi wajen fifita wuta ko na zubar da ƙullu. Tana da wayo, a ka kawai take yi, inda ɗankwali ke rufewa. Kitsona ma da kanta take yi, ba ta yarda wata ta taɓa. Ni kuma ban faɗa wa kowa ba. Wa zan faɗa wa, uwar da ba ta ko kallona?

Ana saura 'yan kwanaki ƙaramar Sallah, ciniki ya yi wa Gwaggo yawa, sai ta tura ni gida a yi mini kitso in dawo da yamma. Inna ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta kwantar da kaina a cinyarta, ta fara tsefewa. Can sai na ji hannunta ya tsaya. Ta daɗe a haka. Ba ta tambaye ni komai ba, ta tashi ta ɗauko man kaɗanya, ta dinga shafawa a hankali wuri bayan wuri. Ta kitse rabin kai, sannan ta ce hannunta ya gaji, a bari sai gobe.

To, a garinmu ba a sakin 'ya mace ta ratsa unguwa da rabin kitso, abin kunyar uwa ne. Na kwana gida. Washegari ta yi layi biyu, da la'asar ta warware ta ce sun karkace. Inna fa, wadda amare ke layin kitso a ƙofarta! Gwaggo ta aiko, aka ce kitso bai ƙare ba. Ta sake aikowa, aka maimaita mata. Aka yi Sallah aka gama ina yawo a tsakar gida da rabin kai kamar kazar da aka fara figa, ƙannena suna ta tsokanata. Haushi ya ishe ni, don ban gane komai ba. Abin da na sani kawai, duk safiyar da ban koma ba, ina jin daɗi har cikin ƙashina.

Ranar wata Juma'a Gwaggo ta zo da kanta, ranta a ɓace. Baba na gida, ya dawo daga masallaci. Ya ce a gama wa yarinya kitso ta bi uwar riƙonta, don shi bai iya musu da yayarsa ba. Inna ta shimfiɗa wa Gwaggo tabarma, ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe ta. Sannan ta jawo ni daidai ƙafar Baba, inda rana ke haskawa, ta sa kibiya ta tsaga gashin.

Ta ce, "Malam, duba mini nan. Idona ba ya gani sosai, ko ƙwarƙwata ce?"

Baba ya sunkuyo. Ta tsaga nan, ta tsaga can, ba ta gaggawa, har ta nuna masa miyakun duka, da waɗanda suka warke da masu ruwa. Ina jin numfashinsa a wuyana. Gwaggo kuwa ko ruwan ba ta taɓa ba.

Daga bisani Baba ya ce, "Yaya, ki je gida. In an gama kitson za a aiko miki."

Ba a aika ba. Gwaggo ta yi shekaru ba ta taka gidanmu ba, dangi suka yi ta surutu cewa Inna ba ta da kunya, ta ƙwace 'yar fari.

A ranar Juma'ar nan, Gwaggo na fita, Inna ta kitse kan nan tas kafin magariba, tana kauce wa miyakun. Da ta ɗaure na ƙarshe sai ta ɗan ture ƙeyata ta ce, "Ke, tashi, kin danne mini ƙafa." Har Allah ya karɓi ranta ba ta taɓa kiran sunana ba, ni kuma tun daga ranar ban sake jiran ta kira ba.