Ƙwaryar Mama Laraba da Ƙofar da Na Gina

Har gobe ba na mantawa da ranar da ƙwaryar Mama Laraba ta fashe a ƙofar famfon da na gina. Ranar Talata ce da hantsi, cikin bazara. Duk lokacin da aka ce in yi wa sababbin ma'aikata magana kafin a tura su ƙauye, wannan labarin nake ba su, duk da cewa ni ne mai laifi a cikinsa.

Sunana Isuhu, ni mutumin Damagaram ne a Nijar. Sana'ata ita ce kafawa da gyaran famfon tuƙa-tuƙa, wato famfon rijiyar burtsatse da ake bugawa da hannu. Wata ƙungiya ce ta ɗauke ni aikin sa-kai na shekara guda a Najeriya. Tsarin aikin ba shi da wuyar ganewa. A sama da ni akwai jami'ar fili, Madam Hannatu, wadda ofishinta yake cikin birni, kuma sau ɗaya take zuwa duba ni a wata. A ƙauye kuma akwai kwamitin ruwa, maza biyar, shugabansu wani dattijo Baba Danladi. Ni zan koya musu gyara, idan na tafi su ci gaba da riƙon famfon.

Da aka ce Abuja za ni, matata Rabi sai da ta zaga maƙwabta tana faɗa. Ni ma na ɗauka abin zai zo da sauƙi, tunda ƙasar Hausa ce aka ce, kuma da Hausa aka haife ni. Mota ta wuce dogayen gine-ginen nan ban ko gama kallonsu ba, ta wuce Bwari, ta sauka daga kwalta, ta yi ta tsalle a kan hanyar burji har ta ajiye ni a wani ƙauyen Gbagyi da duwatsu suka kewaye. Manoman doya ne da dawa. Suna jin Hausa, amma ta kasuwa ce da gaisuwa. In za su yi hira ko dariya, da yarensu suke yi.

Cikin mako shida na gama aikin hannu. Na kafa famfo, na yi daɓen siminti, na fitar da magudana, na kewaye wurin da katanga don kada awaki da shanu su ɓata shi. Ƙofar kuwa na yi ta yadda muke yi a wajenmu: ginshiƙai biyu masu tsawo, sun kai kunnen mutum, tsakaninsu kuma daidai faɗin jikin mutum ɗaya. Saniya ba ta shiga. Mace kuma in ta ɗora daro a ka, daron yana wucewa ta saman ginshiƙan, ita ta bi ta tsakiya. Na yi irin wannan ƙofa ta fi ashirin a ƙasarmu, ba a taɓa kawo mini ƙara ba. Na yi alfahari da ita sosai.

Daga nan aikin da ya rage shi ne zama. Aka ba ni littafi, aka ce kullum in zauna kusa da famfo, duk wanda ya ɗebi ruwa in ja layi ɗaya, ƙarshen wata in miƙa wa Madam. Da wannan littafi ƙungiya za ta yanke hukunci. In an ga mutane sun karɓi famfon, za a kafa wa ƙauyuka huɗu na kusa. In ba haka ba, za a rufe shirin a mayar da ni gida.

To, ban san zama yana cinye mutum ba sai a ƙarƙashin wani mangwaro da ke kusa da famfon. Da safe in shimfiɗa tabarma, in buɗe littafi, in jira. Sai mutum biyu ko uku su zo da jarka a kan babur, shi ke nan. Mata kuwa, masu ɗibar ruwan gari, sai in gan su a jere sun wuce ta gabana da ƙorai da daro, su ce, "Oga Nijar, sannu da aiki," su gangara rafi. Rafin yana da nisa, ruwansa kuma a bazara kore ne. Bayan wani lokaci su dawo a jere, su sake gaishe ni, su shige gari. Haka kullum, har wata biyar.

Na san yawan ƙadangarun da suke zama a kan katangar. Na kwance famfon na sake ɗaurawa ba tare da ya lalace ba, don kawai hannuna ya taɓa wani abu. Waya ba ta shiga sai an hau wani dutse a bayan gari, don haka da la'asar nakan hau in kira Rabi. Wata rana ta ce mini 'yarmu Nana ta fara tafiya, tana dafa bango. Na ce masha Allah, na yi dariya don ta ji, da ta kashe wayar kuma na zauna a kan dutsen na daɗe ban sauko ba. Ranar Juma'a nakan je Bwari salla, in zauna a shagon wani Bakatsine mai sayar da atamfa, ba don zan sayi komai ba, sai don in ji Hausa mai kama da ta gida. Shi ma yana da cinikinsa, ba zai yini da ni ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shayi. A wajenmu ba a shan shayi a kaɗaice. Kana hura gawayi ka ɗora 'yar buta, mutane za su fara zama ba tare da an kira su ba, a sha na fari mai ɗaci, a sha na biyu, a sha na uku, hira tana tafiya. Na zo da butata da ƙananan kofuna uku. Kullum bayan azahar nakan dafa, in jera kofunan nan uku a kan faranti kamar yadda hannuna ya saba. Ba wanda ya taɓa zama. In sha nawa, in wanke ukun duka, har da biyun da ba a taɓa ba. Gaskiya kaɗaici ya dame ni, kuma ya fara sa ni mugun zato. Na ce a raina mutanen nan ba sa son baƙo ne. Na ce ko wani ya yaɗa cewa ruwan yana da illa. Har na riƙa buga famfo ina sha a gabansu da hannu biyu, su dube ni su yi murmushi su wuce.

Na tambayi Baba Danladi ya fi a ƙirga. Amsarsa guda ce: "Oga, famfo yana da kyau. Mun gode. Mata ne, a hankali za su zo." Ban tsaya na yi tunanin cewa shi da sauran 'yan kwamiti ba wanda ya taɓa ɗaukar ruwa zuwa gida ba.

A zuwanta na wata na biyar, Madam Hannatu ta buɗe littafin tana juya shafukan da kusan babu komai a cikinsu. Ta cire tabarau ta ce, "Malam Isuhu, ni ba zan ɓoye maka ba. Ogana a ofis ya ce in wata mai zuwa haka yake, za a rufe fayil ɗin nan. Ƙauyukan can huɗu sai dai su yi haƙuri." Na ce, "Madam, famfon lafiyarsa ƙalau, a gwada a gani." Ta ce, "Na sani. Amma ba famfo muke aunawa ba, mutane muke aunawa." Ta shiga mota ta tafi ta bar ni da haushi. A ranar har na fara ninke kayana.

Mako guda bayan haka ne abin ya faru. Mama Laraba tsohuwa ce da take zaune ita kaɗai a bakin gari, kuma tana cikin masu gaishe ni kullum. A ranar ƙafarta ta kumbura, ba za ta iya gangara rafi ba. Sai na ga ta ratso wajen famfo da wata babbar ƙwarya, tsohuwa, an ɗinke ta wuri biyu. Ta shiga da ita a hannu, a karkace. Na tashi da sauri na buga mata ruwa har ta cika, zuciyata fari ƙal, na ma riga na ja layi a littafi.

Ta durƙusa, ta ciccibi ƙwaryar, ta ɗora ta a kafaɗa, kusa da wuya. Matan Gbagyi ba sa ɗaukar kaya a ka. Suna girmama kai, don haka ko itace ne ko doya ko ruwa, a kafaɗa suke ɗauka. Ta nufi ƙofa. Jikinta ya shiga tsakanin ginshiƙan, ƙwaryar kuma da ta fito gefe ta daki na dama. Ta yi ƙoƙarin juyawa, ciwon ƙafa ya hana ta. Ƙwaryar ta suɓuce ta faɗi a kan siminti ta rabu uku, ruwa ya jiƙa mu duka.

Na tsaya kamar an dasa ni. Wata biyar matan nan suna wucewa ta gaban idona sau biyu a rana da kaya a kafaɗa, ina kallonsu, ban taɓa haɗa abin da nake gani da ƙofar da na gina ba. Ita kuwa ta sunkuya tana tsince gutsattsarin. Na ce, "Mama, ki yafe mini." Ta ce, "Ba komai, oga. Na mamana ne, ya tsufa." Sannan ta nuna ginshiƙin da haɓa ta ce, "Ruwa naka yana da daɗi. Ƙofa ne ba ya son mu."

Na ce, "To me ya sa ba wadda ta gaya mini?" Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. "Kai baƙo ne. Ka bar gida, ka zo daga nesa, ka yi aiki da hannunka. Yaya za mu ce maka ba kyau?"

A ƙa'ida ba a taɓa ginin da ofis ya amince da zanensa sai da takardar izini, ita kuma takan ɗauki makonni. Na hau dutse da rigata a jiƙe na kira Madam na zayyana mata komai. Ta ce, "Kai, ni ma da nake zuwa duk wata ban lura ba. Rubuto takardar yau. Ni dai ban ce ka jira amsa ba." Na sauko na samu Baba Danladi, ya aro mini babbar guduma, na rushe ginshiƙan nan biyu da hannuna kafin la'asar. Na tambayi matan yadda suke son ƙofar. Su suka ce a faɗaɗa ta, a rage tsawon, a sa ƙyauren gora da za a riƙa rufewa saboda dabbobi. Hakan muka yi, kuma ya fi nawa kyau. Cikin kwana uku hannuna ya fara gajiya da jan layi. Ƙarshen wata Madam ta ga littafin, fayil bai rufu ba, ƙauyukan nan huɗu kuma sun samu famfonsu, kowanne da ƙofa mai faɗi.

Ranar kasuwar Bwari na sayo ƙwarya mafi girma da na samu na kai wa Mama Laraba. Ta karɓa ta yi godiya, amma ni da ita mun san ba ta maye gurbin waccan ba. Washegari bayan azahar ta ɗebi ruwa, ta sauke a gindin mangwaro don ta huta, daidai lokacin da nake jera kofuna. Na yi ƙarfin hali na ce, "Mama, bismilla, ga shayi." Ta dubi farantin ta ce, "Mutanenka fa?" Na ce, "Waɗanne mutane?" Ta ce, "Kullum muna ganin kofi uku. Mun ce kana jiran 'yan ƙasarku ne, za su zo. Shi ya sa ba mu zauna ba, kada mu cinye na baƙi. Har muna cewa, wayyo, yau ma ba su zo masa ba."

Na zuba mata na fari na miƙa mata. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska ta ce, "Wannan magani ne ko shayi?" Amma ta shanye, ta kuma jira na biyu.

Abin da nake gaya wa yaranmu masu fita aiki ke nan. Mutanen da za ku je wurinsu sau da yawa ba za su faɗa muku kuskurenku ba, ba don ƙiyayya ba, sai don suna jin nauyinku. Kwamiti zai ce komai lafiya, don haka ku nemi mai ɗaukar ruwan ku tambaye ta. Zaman da za ku ga kamar ba aiki ba ne, a cikinsa aikin yake, in kun buɗe ido. Ni na yi wata biyar ina jin haushin mutanen da suke tausayina, su ma suna tsoron ɓata mini rai, tsakaninmu kuma bai fi taku goma ba. Har yanzu in na dafa shayi kofi uku nake jerawa, amma na daina jira a zauna. Duk wanda ya gifta, kiransa nake yi.