Matar da Ta Ƙi Amsa Ƙararrawa

Kwanaki wani ɗalibina ya nuno mini wata doguwar kalmar Turanci, wai sunan da ake ba mai ƙin a buga ƙararrawa. Na kasa furta ta, amma na san mai sunan. Kakata ce, Inna Hajara.

A gidanmu na Daura, da an gama cin tuwo sai mu kewaye ta a bakin murhu don jin tatsuniya. Duk wanda ya yi surutu ta ɗan mintsine shi, ta ce, "Ga ta nan tana zuwa, ku ba ta hanya."

Akwai tatsuniya ɗaya da ba ma so. Wani attajiri ne ya sayo ƙararrawa, ya daina kiran masu aikinsa da baki. Bugu ɗaya mai ruwa, bugu biyu mai girki. Mai girkin bazawara ce da marayu uku, kuma daga tukunyar gidan suke ci. Aka buga biyu, ta ci gaba da tankaɗe. Aka sake bugawa, shiru. Attajiri ya fito yana huci.

Nan Inna kan gyara zama, ta ɗaga haɓa, ta ari bakin mai girkin. "Ranka ya daɗe, rago aka yanka aka raɗa mini suna. Akuya ake ɗaura wa ƙararrawa." Ya ce ta amsa ko ta bar gidan. Ta ɗauki muciyarta ta fita.

"Shi ke nan? Kura ba ta cinye shi ba?" mukan tambaya.

"Kura tana da aikin yi. Ku tashi ku kwanta."

Sai ranar sadakar ukunta Gwaggo, yayar babana, ta faɗa mini gaskiya. Ba tatsuniya ba ce. Marayun su ne, babana shi ne ƙaraminsu. Sun kwana biyu da yunwa, daga nan Inna ta soma kai fura kasuwar Mai'adua, da ita ta raine su.

Na tambayi Gwaggo ko sun ji haushinta a lokacin.

"Sosai ma, yunwa ba ta san girma ba," in ji ta. "Amma da safe mutumin ya zo har ƙofar gida, ya yi sallama, ya ce Hajara. Ta bar shi ya faɗa sau uku, sannan ta ce ba za ta koma ba."

Ni jikan wannan matar ne, kuma ina alfahari da haka.