Tsohuwar da ta ƙi hawa jirgi

"Kai ne malamin da ya ƙafar mana da kogi?"

Haka wata tsohuwa ta tare ni a kasuwar Diffa wata Talata, ina zaune gaban littattafan da na baza a kan tabarma. Farkon shekarun dubu biyu ne, ina koyarwa a lakwal, wato makaranta. Na rubuta labarin Diffa bayan shekara ɗari biyu: kogin Komadugu ya ƙafe, mutane sun shiga jirage sun koma wata duniya. Ni na buga abina da injin fotokofi, ni nake tallarsa. Wata uku da wuya wani ya ɗaga ya duba, har na yanke ba zan rubuta na biyu ba.

Ta ce sunanta Ya Falmata, tattasai take nomawa a bakin kogi, kuma ɗiyarta ce ta karanta mata littafin tas.

Na ce, "Iya, ƙirƙira ce fa, ba gaske ba."

Ta ce, "Na sani, ɗana. Amma a ce kowa ya tafi, ko mutum ɗaya bai tsaya jiran ruwa ba? Mu ba haka muke ba. A na gaba ka bar wata ta zauna."

A satin nan na fara littafi na biyu, da wata tsohuwa da ta ƙi hawa jirgi, ta zauna tana adana irin tattasai. Ita ta riƙe mini labarin har littafi na huɗu.

Ku fa, wa ya taɓa mayar da ku kan aikin da kuka riga kuka ajiye?