Kabarin Sule a Bayan Tasha

Bana shekara arba'in da ɗaya ke nan da muka kai kakana Malam Buba makwancinsa a nan Garwa. Da ɗinkin hula aka san shi a unguwarmu. Kaɗan ne suka san yana cikin waɗanda suka gina wata 'yar tashar jirgin ƙasa a wani ƙauye can kudu, wajen Nkongsamba, a zamanin Jamusawa.

Fataucin goro ne ya kai su, shi da wansa Sule. Aka tare su a hanya, aka cusa su cikin masu aikin tilas. Wata bakwai suna dakon dutse da ƙarafan dogo cikin ruwan sama. Sule bai ga zuwan jirgin ba, ciwon ciki ya ɗauke shi ana saura rufin tashar. Kaka shi kaɗai ya yi masa wanka, ya sallace shi, ya rufe shi a bayan tashar.

Har tsufa abin yana cin sa. Da dogo ya iso Ngawundere ya kira ni ya ce, "Hamadu, hanya ta yi sauƙi yanzu. Ka je ka ziyarci wana, ka shaida masa na iso gida." Na ce to, Kaka. Hidimar iyali ta sha kaina, har ya rasu ban je ba.

Sai bara na je. Jirgi ya daɗe da daina bi ta wurin. Rufin ya yaye, ciyawa ta haɗiye dogo, awaki na kwance a ɗakin yankan tikiti. Na tambayi kaina me Kaka zai ce da ya ga inda ƙarfinsu ya ƙare. A sanin da na yi masa, ko kallon ginin ba zai yi ba, baya zai zaga.

Na zaga. Wata tsohuwa mai noman rogo ta saurari ɗan Faransancina, ta ja ni tsakiyar gonarta, inda aka bar wani ɗan fili ba shuka. Ta ce, "Kakanmu ya yi aikin dogo da wani Bahaushe. Bahaushen ya roƙe shi kada fartanya ta taɓa nan. Ba mu san sunan mai wurin ba."

Na faɗa mata. Ta kira 'yarta ta sa ta maimaita sunan. Na durƙusa na yi addu'a, na isar da saƙon, kunya na rufe ni.

Kaka bai bar shanu ba, ginin ma da wuya ya ƙara damina goma. Abin da ya saura nasa roƙo ne guda da ya yi wa baƙo, wanda mutanen da ba su taɓa ganin sa ba suke riƙe da shi har yau. Allah Ya jiƙan su duka.