Gwaggo Kande da Kurkunun Mati

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifinmu. Ni ban san baƙi ba, faɗa nake ana rubutawa, amma ƙidayata ba ta ɓata: a babbar yunwa ta rasu, kimanin shekara goma bayan shigowar Turawa Katsina. Abin da zan ba ku kuwa ya girmi Turawa. Zamanin nan ne da in an ji kuwwar mahara sai mu kwashi yara mu hau dutse, ni kuma na dawo gidanmu a Runka wankan ɗan fari.

Ina da wa, Mati. Gemu ya fito masa, ga ƙarfi kamar sa, amma Allah bai ba shi saurin fahimta irin na tsaransa ba. In ka jera masa magana uku, ta farko kaɗai zai riƙe. Aikinsa shayar da shanu a rijiya, kuma duk garin babu mai jan guga kamarsa.

Daminar nan kurkunu ya fito masa a ƙafar hagu. Ku 'yan birni, kurkunu tsutsa ce fara, doguwa kamar zare. A kan tsinke ake naɗe ta kaɗan-kaɗan, in ta tsinke a ciki ƙafa ta kumbura, wani ma ya gurgunce. Wanzami ya zo ya ɗaura tsinke, ya yi wa Baba bayani, bai ko dubi mai ƙafar ba. Mati ya ga abu na reto a jikinsa, ya fizge. Wata biyu yana kwance, ƙafar kuma ba ta koma daidai ba. Bai gama tashi ba sai wani ya ɓullo a ta dama. In ita ma ta tafi, Mati sai rarrafe.

Maza suka ce a ɗaure masa hannuwa. Ba zan ɓoye ba, ni na ɗauko igiyar.

Gwaggo ta karɓe ta jefar. Ta ce, "Ku da bakinku, shi da kunnensa, igiya ta mece ce?" Ta zauna ƙasa daidai da shi.

"Mati ɗana, in igiyar guga ta ruɓe ka fizge ta, me ke faruwa?"

"Ta tsinke."

"Gugan fa?"

"Ya zauna a rijiya. Baba ya yi faɗa."

"To, wannan ma ruɓaɓɓiyar igiya ce a ƙafarka. Yaya za mu fito da ita?"

Mati ya ƙura wa ƙafar ido. Wanzami ya buɗe baki, ta harare shi: "Sarkin aska, ba kai na tambaya ba." Can Mati ya ce, "A hankali." Ya ƙara da cewa, "Da zafi?" Ta ce, "Da zafi, ba zan yi maka ƙarya ba."

Magana ɗaya tak ta ba shi: murɗa ɗaya in shanu sun fita, ɗaya in sun dawo. Gani ya kori ji, don haka ta ɗora hannunsa a tsinken ya gwada. Sannan ta nuna ni, ta ce, "Koya wa ƙanwarka, ba ta sani ba." Ya koya mani, har da tsawa: "Ladi, kada ki fizga!" Sai da ta ji maganar ta dawo daidai daga bakinsa sannan ta tashi. Kwana ashirin da wani abu, tsutsar ta fito gaba ɗayanta.

Yau ga asibiti a Batsari, ga ƙwayoyi farare da jajaye, ban raina su ba. Amma watan jiya na raka maƙwabciyata da 'yarta Hanne, wadda irin Mati ce. Malamin asibiti ya zuba wa uwar bayani kamar ruwan tsakiyar damina, Hanne na tsaye kamar ba da ita ake ba. Na ce, "Malam, cikin wa maganin zai shiga?" Ya yi dariya, ya ce, "Iya, ai ba za ta gane ba." Na ce, "Ka gwada?" Yaron kirki ne, ya duƙa ya nuna mata fara ɗaya, ya ce bayan koko. Ta maimaita. Har yau ita ke tuna wa uwarta.

Da Gwaggo na nan, da ta yi mamakin maganin, ta kuma ja kunnen mai ba da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to don me za a riƙa yi wa maƙwabci bayanin jinka? Sannu ba ta hana zuwa.

Gwaggo ba ta haihu ba, ko akuya ba ta bari ba, Allah ya jiƙanta. Cikin waɗanda suka ga ranar nan, Baba ya tafi, wanzami ya tafi, har ɗan da na je wa wanka ya riga ni. Saura mu biyu, ni da Mati. Yana ɗingisa hagu, dama kuwa garau. Duk damina, in kurkunu ya fito wa wani tsakanin Runka da Zakka, cewa ake, "A kira Baba Mati." Sai ya zo da tsinkensa, ya zauna ƙasa daidai da mai ƙafar, ya ce, "Ka taɓa jan guga?"