Tagar Baba Anselme

In ka taɓa sayen burodi a ƙauyenmu na tsakiyar Faransa, to ka san Solange Mazeau, don tun tana budurwa take tsaye a bayan kantar shagon burodi. Gajera ce, mai saurin hannu da saurin baki. Ta san wanda yake son burodinsa ya ɗan ƙone, ta san wanda haƙoransa suka ƙare. A shagon nan Thierry bakanike ya yi ta sayen burodin da ba ya buƙata har ta gane inda ya dosa. 'Yarsu ɗaya, Maëlle.

Akwai kuma wani aiki da take yi wanda ba wanda ya ɗora mata. Daura da shagon gidan Baba Anselme ne, tsohon mai kiwon shanu, kunne ya yi nauyi, mata ta rasu, ɗa yana can Kanada. A wajenmu kuwa, tsoho mai zaman kaɗaici da ƙyauren tagarsa ake sanin lafiyarsa. In gari ya waye ya tura ƙyauren katakon nan waje, an kwana lafiya. In hantsi ya yi yana rufe, sai a je a buga ƙofa. Tun da aka binne matarsa, kullum safe zai tura ƙyaure ya ɗaga hannu, Solange ta ɗaga masa sandar burodi daga cikin shago. Ba su taɓa yin maganar ba. Tsohon nan, ka ce kana gadinsa, sai ya wanke ka tas.

Duk watan Agusta ana rufe shago, amma Solange ba ta zuwa ko'ina, ko tana hutu takan biyo ta layin da safe. A bana Thierry ya aro tanti ya ce, "Yarinyar nan za ta tafi jami'a ba mu taɓa kai ta teku ba. Tashi ki haɗa kaya."

Ta yi niyyar gaya wa Ginette mai shagon kofi ta riƙa leƙa tagar. Ta ce gobe, goben ma ta ce gobe. Ba mantuwa ba ce, ita ma ta sani. Ta gaji ne, tana son ta ga safiyar da za ta farka ba ta jiran kowa. Suka tashi da sassafe, ta hango tagar a madubin mota tana rufe tukuna, ta kau da kai.

Suka yi kwanaki a hanya, suka ratsa gonakin alkama da aka girbe, suka ci cuku a kasuwannin ƙananan garuruwa, Thierry ya ɓata hanya ya ƙi tambaya.

"Baba, cocin nan fa mun wuce shi ɗazu," in ji Maëlle.

"Wani ne daban. Duk kama suke."

"Har da karen da ke kwance a ƙofa?"

Solange ta yi dariya tare da su, amma dariyar ba ta wuce haƙora ba. Duk garin da suka shiga, su suna kallon gada da hasumiya, ita tagogi take bi da ido: wannan a buɗe, wannan a buɗe, waccan fa?

Da suka isa gaɓar tekun Bretagne, teku ya janye ya bar yashi, mutane sun bazu da bokitai suna tonon katantanwa. Maëlle ta cire takalmi ta ruga kamar 'yar yaye, ubanta na biye da ita. Solange ta tsaya wajen wata mai toya fanke. Gefen rumfar akwai wani ɗan gida mai shuɗin ƙyaure, a rufe gam.

"Masu gidan nan sun yi tafiya ne?"

"Ina fa, 'yar'uwa. Tsohuwar ta rasu bara. Da tagar muka gane, amma mun makara, lokacin baƙi ne, kowa na ta kansa. Man shanu ko sukari?"

Fanken ya huce a hannunta. Thierry ya dawo da wando jiƙe, ya dube ta ya ce, "Uwargida, wa ya mutu?"

"Ban bar wa kowa tagar Baba Anselme ba."

"Ba ki gaya wa Ginette ba?"

"Shi kansa ban gaya masa ba."

Thierry ya miƙa mata waya. Tsohon ba ya jin ƙarar tasa wayar, saboda haka ta kira Ginette. Ginette ta je ta duba, ta ce ƙyaure a rufe, ta buga ƙofa har hannunta ya yi zafi, shiru. Mai kai wasiƙu ma ya ce ya kwana biyu bai ga tagar a buɗe ba. "Zan kira 'yan kwana-kwana su ɓalle ƙofa," in ji ta. "Ke kuma, haba Solange, bakinki ciwo yake yi?"

Suka naɗe tanti. Maëlle ta juye katantanwarta cikin ruwa, wannan kuwa ya fi wa Solange zafi da a ce ta yi kuka. Sun yi nisa Ginette ta sake kira: yana raye. A madafar da ke can cikin gidan 'yan kwana-kwana suka same shi yana shan miya cikin duhu, ya kuma bi su da sanda.

"To, mu juya mu koma teku?" in ji Thierry.

"Mu je gida," in ji Solange. Ba ta iya waiwayar 'yarta ba.

Ta tarar da shi zaune kusa da ɓallalliyar ƙofarsa. Ta ɗaga murya yadda zai ji. "Baba Anselme, me ya hana ka buɗe taga? Ka tayar mana da hankali!"

"Ke ce kika turo mini waɗancan gardawan? Ƙofar nan kakana ya sassaƙa ta."

"Na ce me ya hana ka buɗewa?"

"Na ji, ba kurma ba ne ni." Ya gyara hularsa. "Na buɗe ranar farko. Washegari ma na buɗe, na ɗaga wa rufaffen shago hannu kamar wawa. Na ce ko an makara ne. Daga nan kuma, yarinya, wa zan buɗe wa?"

Ta ajiye masa gwangwanin biskit ɗin man shanu da ta sayo a hanya. Ya juya gwangwanin ya ce gishiri ya yi wa na mutanen teku yawa, sannan ya tura shi aljihu.

Thierry ya ƙarasa hutunsa yana gyaran ƙofa. Maëlle ta tafi jami'a da yashi a takalmi, tekun wuni ɗaya kawai ta samu, uwar kuma har yau in an ambaci Bretagne sai ta shiga goge kantar shago.

Washegarin dawowarsu, shago na rufe, Solange ta zo ta tsaya a bakinsa hannu wofi. Hantsi ya yi, ƙyaure shiru. Ta tabbata yana ciki yana leƙenta ta tsagar katako, ta kuma san ta ci a bar ta tsaye. Sai da rana ta fara dukan ƙeyarta sannan ƙyauren ya yi ƙara, ɓari ɗaya ya buɗe. Bai ɗaga hannu ba. Ita ta ɗaga nata.